An ba ni ragamar horar da ma'aikatan layin wuta: daga ina zan fara?

Tambaya: Ni injiniya ne a wani kamfanin rarraba wutar lantarki. An ɗora mini alhakin shirya horon sababbin ma'aikatan layi, masu hawa falwaya da gyaran taransifoma, tare da kula da tsaron lafiyarsu. Muna da littattafai da ɗakin karatu, amma har yanzu ana samun haɗurra, wani lokaci ma a kan yaran da suka ci jarrabawa da maki mai kyau. Daga ina zan fara, kuma me ya kamata horon ya ƙunsa?

Amsa: Injiniya, Allah ya taya riƙo. Abin da ka lura da shi, a ce yaro ya ci jarrabawa amma wuta ta ja shi a kan falwaya, ba ya ba wanda ya daɗe a wannan sana'a mamaki. Ɗan koyo malamai biyu gare shi. Na farko kai ne, a ɗakin karatu, na 'yan makonni. Na biyu shi ne shugaban tawagar da za a tura shi wurinsa, wanda zai wuni da shi cikin rana da ruwa na tsawon shekaru. Duk ranar da maganar malaman nan biyu ta saɓa, ta na biyun yaro zai ɗauka. Idan ka koya masa kada ya taɓa layi sai an gwada an sa atin (wato wayar da ke haɗa layin da ƙasa), amma ya ga ogansa ya hau bayan kiran waya kawai da aka ce masa "an ɗauke", kuma ya sauko lafiya, to cikin wata guda ya ajiye karatunka a gefe.

Saboda haka shawarata ita ce ka fara da manyan, ka jinkirta shirya manhajar yara. Ka bi tawagogin zuwa wurin aiki, ka tsaya ka kalli yadda suke yi da gaske, ba tare da takardar tuhuma a hannunka ba. Daga nan ka zaɓi waɗanda za a ba amanar ɗan koyo. Mafi sauri a cikinsu sau da yawa ba shi ne ya dace ba. Nemi wanda yake bin ƙa'ida ko babu mai kallonsa, wanda yake iya faɗin dalilin abin da yake yi, wanda kuma ba ya jin haushi idan ƙarami ya yi masa tambaya. Irin waɗannan ka fara horarwa, ka ba su alawus na koyarwa, ka kuma roƙi hukumar kamfani ta rage musu yawan aikin da ake auna su da shi, domin wanda ake matsa wa ya gama gyara goma a rana ba zai tsaya ya nuna wa yaro yadda ake duba safar hannu ba.

Sai abin da za a koyar. Ni na fi son a fara da jikin ɗan Adam kafin a kai ga waya. Yaro ya san cewa abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, wadda ake aunawa da amfiya, kuma kaɗan ce ƙwarai. Mutum yana fara jin wuta a wajen miliamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Binciken da Charles Dalziel ya yi a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nuna cewa a wajen miliamfiya 16 matsakaicin namiji ba ya iya buɗe hannu ya saki wayar da ya riƙe, saboda tsokar hannun ta ƙanƙame. Daga miliamfiya 50 zuwa 100, idan ta bi ta ƙirji, zuciya na iya rikicewa ta daina tura jini. Yanzu ka sa yaran su yi lissafi da kansu: ana ƙiyasta turjiyar jikin mutum, wato yadda yake hana wuta wucewa, daga hannu zuwa ƙafa da om 1,000, musamman idan akwai gumi. Raba bolt 230 da om 1,000, ka sami amfiya 0.23, wato miliamfiya 230. Wannan ƙaramar wutar gida ke nan, wadda wasu tsofaffin hannu suke raina wa suna taɓa ta da bayan yatsa. Idan yaro ya yi wannan lissafi da alƙalaminsa, ba sai ka yi masa dogon wa'azi a kan layin bolt 11,000 ba.

Haɗari na biyu da ake yawan mantawa shi ne fashewar wuta, lokacin da wayoyi biyu suka haɗu ko sifana ta faɗa tsakaninsu, wuta ta yi tsalle ta cikin iska. Zafin tsakiyar wannan tartsatsi na iya kaiwa wajen digiri 19,000 a ma'aunin Salshiyos, kuma yana ƙona mutum ko bai taɓa komai ba. Rigar nailan ko foliyesta tana narkewa ta manne da fata, shi ya sa ake hana sa su ko a ƙarƙashin kayan aiki. Na uku shi ne faɗowa. Henry Miller, shugaban farko na ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta Amurka, IBEW, wadda aka kafa a St. Louis a 1891, shi kansa ma'aikacin layi ne, kuma ya rasu a 1896 bayan wuta ta ja shi ya faɗo daga falwaya a birnin Washington. Sau da yawa haka abin yake zuwa a haɗe: wutar da ba ta isa kisa ba ta sa hannu ya saki, faɗuwar ta ƙarasa.

Inda nake so ka fi daɗewa shi ne aiki a kan layin da aka kashe, domin a nan mutane suke sakin jiki. Wanda ya san layi na da wuta yana taka-tsantsan da kansa. Wanda aka ce wa an ɗauke shi ne yake kama waya da hannu biyu. Ƙa'idar Turai ta EN 50110 ta tattara abin cikin matakai biyar da ake bi a jere: a raba layin da duk inda wuta ke iya shigowa, a kulle yadda ba wanda zai iya mayar da ita, a gwada a tabbatar babu wuta, a haɗa wayoyin da juna a haɗa su da ƙasa, sannan a rufe ko a killace duk wani abu mai wuta da ke kusa. Haddace su abu ne mai sauƙi. Abin da horo zai sa a jinin yaro shi ne dalilin kowanne, da abin da ke faruwa idan an tsallake shi.

Ɗauki gwaji. Na'urar gwada wuta da ba ta yi ƙara ba tana iya nufin layin ya mutu, tana kuma iya nufin batirinta ne ya mutu. Don haka ma'aikaci zai ɗaura ta a kan sandar aiki, ya fara gwada ta a kan abin da ya san yana da wuta ko a kan na'urar da ake tabbatar da lafiyarta, ya ji ta yi kuka. Sai ya kai ta kan layin, waya ɗaya bayan ɗaya, duka ukun, ba ɗaya kawai ba, domin makunni yana iya buɗe biyu ya bar ɗaya a maƙale. Sai ya sake komawa ya gwada ta a kan mai wutar, don ya tabbata ba a tsakani ta lalace ba. Duk wannan bai fi 'yan mintuna ba. Kuma a nan wurin aikin ake yin sa, a kan falwayar da za a hau, a gaban waɗanda za su hau. Gani ya kori ji: saƙon da ya zo daga ɗakin kula da layuka labari ne, kuma mai ba da shi yana iya kashe layi na kusa bisa kuskure.

Sai atin. Ana fara ɗaure ƙarshen da ke zuwa ƙasa, sannan a ɗaga ɗaya ƙarshen da sanda a maƙala a kan waya. Wajen cirewa kuma a fara da na kan waya, na ƙasa ya zama na ƙarshe. Wanda ya juya wannan tsari ya mayar da jikinsa hanyar wuta. Ka sa yara su maimaita wannan a filin horo har hannunsu ya riƙa yi ba tare da tunani ba. Ka kuma nuna musu cewa bakin maƙalin da wurin da zai kama dole su kasance a goge, domin tsatsa da datti suna hana wuta bi ta inda aka tanadar mata, kuma kaurin wayar atin dole ya iya ɗaukar wutar da za ta kwararo idan an mayar da layi bisa kuskure. Siririyar waya za ta narke kafin na'urorin kariya su yanke.

Me ya sa ake dagewa a kan atin bayan an kashe an kulle an gwada? Saboda layin da ya mutu yanzu yana iya rayuwa nan da minti biyar. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauko da bolt 11,000 zuwa 400, haka take ɗaga 400 zuwa 11,000 idan aka ba ta wuta ta ɗaya ɓangaren. Mutum ɗaya da ya tayar da janareta a gidansa ko masana'antarsa ba tare da ya raba ta da layin kamfani ba ya isa ya cika layin da kuke aiki a kai da wuta mai kisa. Inbata da sola da aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba su ma haka. Ban da wannan, layin da ya yi tafiya mai nisa kafaɗa da kafaɗa da wani layi mai wuta yana ɗaukar wuta daga gare shi ta iska, ko ba su taɓa juna ba. Ga tsawa da za ta iya sauka a nesa ta biyo waya. Ga wani layi da zai iya tsinkewa ya faɗo a kan naku.

Akwai wani abu a nan da ko wasu ƙwararru ba su fahimta sosai ba, kuma ina roƙonka ka ba shi lokaci. Sa atin a falwayar hagu da ta dama ba ya nufin mutumin da ke tsakiya ya tsira. Idan wuta ta dawo, kafin na'urar kariya ta yanke, wayar da ke hannunsa tana iya kasancewa a wani mataki na ƙarfin wuta, falwayar da ƙafarsa ke kai kuma a wani mataki daban, kuma wannan bambanci ta jikinsa zai bi. Maganin shi ne a haɗa duk abin da jikinsa zai iya taɓawa wuri guda: a ɗaura ƙarfen haɗi a jikin falwayar ƙasa da inda ƙafafunsa suke, a haɗa shi da wayoyin, yadda hannu da ƙafa za su kasance a mataki ɗaya. Tsuntsun da ke zaune a kan waya ɗaya wuta ba ta jan sa don babu bambanci tsakanin ƙafafunsa biyu, to irin wannan yanayi ake so a samar wa ma'aikaci. Dokar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, mai lamba 1910.269, wadda aka fitar a 1994 aka sabunta a 2014, ta buƙaci a jera atin ta yadda ba wani ma'aikaci da zai shiga tsakanin bambanci mai haɗari. Kuma kada a manta da na ƙasa. Wanda ke tsaye kusa da sandar atin ko jingine da mota lokacin da wuta ta sauka ƙasa yana cikin haɗari, domin ƙarfin wutar yana raguwa ne a hankali daga inda ta shiga, har ya zama akwai bambanci tsakanin ƙafarsa ta dama da ta hagu. Shi ya sa ake nisantar wayar da ta faɗi da aƙalla mita 10, wanda kuma ya tsinci kansa kusa ya ja ƙafafu a haɗe ba tare da ya buɗe taku ba.

Maganar kulle gajera ce: kowane makunni da aka buɗe a sa masa kwaɗo da alama mai sunan wanda ya karɓi izinin aiki, kuma ba mai cirewa sai shi, bayan ya ƙirga mutanensa ya ga kowa ya sauko, an kwashe atin, ya mayar da takardar izini. Alkawarin lokaci, irin "ku mayar da wuta ƙarfe huɗu, mun gama kafin nan", a haramta shi gaba ɗaya.

Safar hannu ta roba tana da daraja-daraja, kuma yaro ya san su kamar sunansa. Daraja 00 tana aiki har bolt 500, daraja 0 har 1,000, daraja 1 har 7,500, daraja 2 har 17,000, daraja 3 har 26,500, daraja 4 har 36,000. A tsarin Amurka kowace da launin tambarinta, misali ja ga daraja 0, rawaya ga daraja 2, ruwan lemo ga daraja 4. Kowace safiya kafin a sa ta, ma'aikaci zai cire safar fata da ke kare ta, ya kama bakinta ya naɗe zuwa wajen yatsu har iska ta kumbura ta, ya kai ta kusa da kunne da kumatu yana matsawa, yana sauraron ko iska na fita, ya juya cikinta waje ya duba tsagewa ko inda mai ya ci. Huda kamar ta bakin allura ta isa wuta ta bi. A ƙa'idar OSHA ana mayar da safar ɗakin gwaji duk bayan wata 6 a gwada ta da wuta. Wannan aikinka ne kai da ke riƙe da ragama, kada ka bar wa yaro. Idan ka koya masa ya ƙi safa mai huda, amma ya kai sito aka ce babu wata, gobe ba zai duba ba, don kada ya ga abin da ba shi da maganinsa.

Haka nisan da ake bari tsakanin jiki da waya mai wuta. A jadawalin OSHA, layin da ke tsakanin bolt 5,100 da 15,000 ana barin aƙalla santimita 65 tsakanin jiki da waya, na 15,100 zuwa 36,000 kuma santimita 77. Ka duba dokar ƙasarku, ita ce za ta ɗaure ka, amma ko wace lamba ce, kada ta tsaya a allo. Ka yanka sanda daidai tsawon, ka ba yaro ya hau falwayar horo ya ga yadda tazarar take a zahiri idan ya miƙa hannu ko ya juya da sifana a aljihun baya.

Kafin hawa, falwayar ita kanta abar tuhuma ce. Ta katako tana ruɓewa ne a daidai inda ta haɗu da ƙasa da ɗan ƙasa da nan, inda ido ba ya gani. A buga ta da guduma daga ƙasa zuwa inda hannu ya kai: mai lafiya tana ba da amo mai kauri gudumar ta dawo, ruɓaɓɓiya tana yin sauti kamar fanko. A tona gindinta kaɗan a soka ƙarfe a ji ko ya nutse. Ta kankare a duba tsagewa da inda rodi ya fito ya yi tsatsa. A kuma tuna cewa wata falwayar wayoyin da ke kanta ne suke riƙe da ita, ranar da aka kwance su sai ta tafi da wanda ke sama. Game da ɗamarar da ke hana faɗowa, ra'ayina a fili yake: a ɗaure tun daga ƙasa har sama har a sauko, ko wajen tsallake wani abu a jikin falwaya, da igiya ta biyu. Amurka ma ta daɗe tana barin ƙwararru su hau ba ɗauri har sai sun isa wurin aiki, amma daga 2015 doka ta rufe wannan ƙofa sai a wasu yanayi ƙalilan.

Ceto kuwa, kada ka yaye kowa sai ya yi shi da hannunsa kana riƙe da agogo. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska, kuma motar asibiti ba za ta iso cikin wannan lokaci ba. Abokin aiki ne kawai yake kusa. Ka sami mutum-mutumi mai nauyin babban mutum ka rataye shi a saman falwayar horo. Yaro ya kira taimako, ya tabbatar shi kansa ba zai shiga wutar ba, ya hau, ya ɗaura igiya a ƙarƙashin hammata, ya yanke ɗamarar, ya sauko da shi, ya fara danna ƙirji: sau 30 sannan hura iska sau 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Idan kamfani zai iya sa na'urar farfaɗo da bugun zuciya a kowace motar aiki, ka yi ta naci har a saya, domin rikicewar zuciyar da wuta ke jawowa ita wannan na'ura take gyarawa, kuma kowane minti na jinkiri yana rage damar rayuwa. A maimaita wannan atisaye aƙalla sau ɗaya a shekara, har da manyan.

Yadda za ka jera shekarun koyo kuma, tsarin da ƙungiyar IBEW da 'yan kwangilar lantarki suke bi a Amurka abin dubawa ne: awa 7,000 na aiki a fili, an kasa su mataki bakwai na awa 1,000 kowanne, wajen shekara uku da rabi ke nan, ga karatun aji a gefe. Ba lallai ka kwafi lambobin ba. Abin ɗauka shi ne ɗan koyo yana farawa daga ƙasa, yana koyon igiya da ƙulli da kayan aiki da miƙa wa na sama abin da yake bukata, sannan hawa da aiki a kan layin da aka kashe, sannan ƙaramar wuta, sai can gaba ya kusanci babbar wuta, ƙwararre na tsaye a kansa. Kowane mataki a rubuta abin da aka yarda ya taɓa da abin da ba a yarda ba, kowa a tawagar ya sani, don kada ranar da aka rasa hannu a ce masa "kai ma ai ka iya, hau". Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan shekara ta biyu zuwa ta uku. Tsoron farko ya tafi, hannu ya fara faɗawa, amma bai ga abin da ya isa ya sa shi ladabi ba. A wannan lokaci ake ƙara sa ido, ba a sassautawa.

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan ƙarami ba ya iya buɗe baki a gaban babba. Ɗan koyo yana jin nauyin ogansa, yana tsoron a ce masa matsoraci, yana kuma tunanin takardar yaye da ke hannun mutumin. Sau da yawa bayan haɗari za ka ji wani yaro ya ce ya lura ba a sa atin ba, amma ya ɗauka oga ya fi shi sani. Masu harkar jiragen sama sun sha wannan darasi da tsada. A 1977 a tsibirin Tenerife jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin tashi, mutum 583 suka rasu. Injiniyan ɗaya jirgin ya tambaya ko ɗayan ya bar titin, babban matuƙi ya amsa da tabbaci ya ci gaba. Bayan wannan da wasu haɗurra irinsa ne kamfanonin jirage suka shiga koyar da ƙananan ma'aikata yadda za su ƙalubalanci na gaba da su, da koyar da manyan yadda za su saurara. Kai ma ka mayar da shi darasi mai zaman kansa. Ka ba yara kalmomin da za su faɗa, gajeru, waɗanda ba rashin kunya a cikinsu: "Oga, a dakata, ban ga an gwada ba." Ka sa su faɗa da ƙarfi a filin horo, ga shugaban tawaga na gaske, shi kuma ya saba amsawa da "madalla, mu duba". A rubuce a dokar kamfani cewa duk wanda ya tsayar da aiki don shakka ba za a hukunta shi ba ko da ya zama shi ne bai gane ba. Ranar farko da aka yi wa wani yaro dariya ko aka hana shi alawus don ya tsayar da aiki, sauran duk sun ji, kuma ba za ka ƙara jin bakinsu ba.

Taron minti goma kafin fara aiki shi ne wurin da ake gina wannan. A tsaya a gindin falwayar, a faɗi haɗurran wurin, yadda za a yi aikin, inda aka kashe da inda ke da wuta har yanzu, kayan kariyar da za a sa, da wanda zai yi me idan abu ya faru. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a sa ɗan koyo shi ya maimaita bayanin da bakinsa, ko ma shi ya jagoranci taron wani lokaci. Idan aikin ya canja a tsakiya, a sauko a sake taron. Saƙon kashewa da kunnawa ta waya ko rediyo kuma a riƙa maimaita shi: mai bayarwa ya faɗa da sunan layi da lambar makunni, mai karɓa ya maimaita, mai bayarwa ya tabbatar.

Ka yi hattara da allon da ake rubuta "kwana kaza ba haɗari", musamman idan an haɗa shi da kyauta. Yana koya wa mutane ɓoye ƙananan raunuka don kada su ɓata wa tawaga lissafi. Abin da kake bukata shi ne labarin abin da ya kusa faruwa: layin da aka gwada aka tarar da wuta bayan an ce an ɗauke, falwayar da ta motsa, safar da aka samu da huda. Ka karɓi irin waɗannan rahotanni ba tare da neman wanda za a kama ba, ka gyara abin da suka nuna, ka koma ka gaya wa tawagar abin da aka gyara. Tawagar da ba ta taɓa kawo rahoto ba ita za ka fara ziyarta. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana: wanda ya tsallake gwaji sau ɗari bai ga komai ba yana ɗauka gwajin ne ba shi da amfani, alhali sa'a ce take bin sa.

Abu biyu da za su gwada tsarinka su ne aikin gaggawa da 'yan kwangila. Bayan iska ko ruwa mai ƙarfi, ana aiki cikin dare, mutane sun gaji, waya na ta ƙara daga sama ana tambayar yaushe za a kawo wuta, ga janaretoci a kunne ko'ina. A lokacin ne matakai biyar ɗin suka fi muhimmanci, a lokacin ne kuma aka fi jarabtuwa a tsallake su. Ka sa iyakar awannin aiki a rubuce tun kafin ranar ta zo, ka kuma sami alkawarin shugabanninka cewa su za su ɗauki matsin masu kira, ba za su sauke shi a kan wanda ke saman falwaya ba. 'Yan kwangila kuwa layinku suke hawa, don haka takardar izini ɗaya, gwaji ɗaya, atin ɗaya, kuma ka ga shaidar horon kowane mutum da suka kawo kafin ya taka tsani.

Wajen yaye, jarrabawar takarda ta zama ƙaramin kaso. Babban kason a fili: a ba shi aiki na gaske a filin horo, a ɓoye masa tarko ɗaya ko biyu, kamar na'urar gwaji marar batir, ko takardar izini mai lambar layin da ba shi ba, ko wani babba da zai ce masa "yi sauri, na riga na gwada". Wanda ya gama aikin da kyau amma ya faɗa tarkon bai ci ba, a ba shi wata uku ya dawo. Masu sa hannu su zama aƙalla biyu, ɗaya daga cikinsu ba daga tawagarsa ba, kuma sunayensu su zauna a fayil ɗinsa.